Dacewar sassan kwamfutar tebur ga mai harhaɗawa da kuɗi kaɗan

Harhaɗa kwamfutar tebur shi ne mutum ya sayi sassanta ɗai-ɗai ya haɗa da kansa, maimakon ya sayi wadda kamfani ya gama. Abin ya yi sauƙi ne tun da Intel ta fitar da ƙa'idar ATX a 1995, wadda ta tsayar da girman madabod, wato babban allon da duk sassa ke hawa, da wuraren ɗaure shi da irin wayoyin wutarsa. Duk da haka ba kowane sashe ke shiga kowanne ba, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi jin zafin kuskure, don ba shi da kuɗin saye sau biyu.

Daga farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ake farawa, domin soket ɗinta, gurbin da take zama a kan madabod, ne ke yanke hukuncin sauran. Kamfanin AMD na da soket AM4, wanda ya fito a 2016 yana aiki da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) irin DDR4, da AM5 na 2022 da ba ya karɓar komai sai DDR5. Intel kuwa na da LGA1700 na 2021, mai ɗaukar farosesoshinta zubi na 12 zuwa na 14, kuma madabod ɗinsa wani na DDR4 ne, wani na DDR5. Shigar farosesa cikin soket ma ba ita ce ƙarshen magana ba. Tsohon madabod B450 mai soket AM4 zai karɓi farosesar AMD Ryzen 5 5600 daram, amma idan ba a sabunta BIOS ɗinsa ba, wato manhajar da ke cikin madabod mai tada kwamfuta, sai a kunna, fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Shi ya sa ake duba jerin farosesoshin da kamfanin madabod ya wallafa kafin a biya kuɗi.

Harafin da ke ƙarshen sunan farosesa yana iya ceton kuɗi mai yawa. Na Intel masu F, irin su Core i3-12100F, ba sa fitar da hoto sai an ƙara musu katin hoto. Ryzen 5 5600G tana da nata a ciki. Mai aikin ofis, karatu ko shagon buga takardu ba ya buƙatar katin daban, kuma sau da yawa katin ne sashe mafi tsada.

DDR4 da DDR5 duk ƙafafu 288 ne da su, amma tsagar da ke ƙasan kowanne ba wuri ɗaya take ba, saboda haka wannan ba ya shiga ramin wancan, kuma dannawa da ƙarfi ɓarna kawai take jawowa. Sandar RAM biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, domin farosesa na ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. A yawancin madabod masu rami huɗu, na biyu da na huɗu ake fara cikawa. Ma'ajiyar fayiloli ta SSD mai siffar M.2 ita ma iri biyu ce, NVMe da SATA, kuma ba kowane rami ke karɓar duka ba.

Batun akwatin da ake saka sassan a ciki na awo ne kawai. Cikakken madabod ATX milimita 305 ne da 244, microATX kuma 244 kowane ɓangare, kuma shi ya fi araha. Sai a auna tsawon katin hoto da tsayin fankar farosesa. Akwati ne wurin tsimi ba tare da asara ba.

Na'urar rarraba wuta, wadda masu gyara ke kira fawa-fak, ba a yi mata rowa. Marar kyau idan ta ƙone takan tafi da madabod da ma'ajiya. Tambarin 80 Plus na nuna aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja na isa ga sassa, saura ya zama zafi. A inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kamar garuruwan Nijeriya da Nijar, kamata ya yi a sa kuɗin UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ko sitabilaiza cikin lissafi tun farko.

Kayan gwanjo na rage tsada sosai, kuma farosesa da RAM sukan daɗe lafiya lau. A yi hattara da tsofaffin kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex: da yawansu na da wayoyin wuta da siffar madabod na kamfanin kaɗai, ba sa zama da sassan kasuwa. Windows 11 kuma na neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da farosesar Intel daga zubi na 8, ko Ryzen 2000 zuwa sama, alhali Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.