Ma'anar Hefezopf, Kitsattsen Burodin Jamusawa, da Abin da Yake Ba Jiki

Hefezopf kalmar Jamusanci ce da aka haɗa daga kalmomi biyu: Hefe, wato yis, da Zopf, wato kitso, irin jelar da mace ke tufkewa ta sake ta bayanta. Ana furta ta "hefe-tsopf". Daga siffar burodin sunan ya fito. Akan raba kwaɓin gida uku, a murza kowanne ya miƙe kamar igiya, a kitsa, a shafe da gwaiduwar ƙwai, a gasa har bayansa ya yi ja yana sheƙi. Idan aka yage shi da ɗuminsa, cikin yakan rabu zare-zare kamar auduga, ƙamshin bota ya cika ɗaki. Wasu kan barbaɗa masa Hagelzucker, sukari mai manyan ƙwayoyi wanda sunansa ke nufin "sukarin ƙanƙara".

A Ostiriya Striezel ake kiransa. A Jamus kuwa babbar ranarsa ita ce Ista, bayan azumin kwana 40 na Kiristoci, lokacin da a da mutane ke ƙaurace wa ƙwai da madara da man shanu. Wannan tarihi shi ya bayyana kayan haɗinsa: duk abin da aka hana baki na makonni, an tara shi cikin kwaɓi ɗaya.

Ga haɗin da aka saba a gidaje: fulawa giram 500, madara mililita 250, sukari da bota kowanne wajen giram 80, ƙwai ɗaya, rabin ƙullin ɗanyen yis, wato giram 21, sai ɗan gishiri. Idan aka tara kuzarin waɗannan, ana samun kalori kusan 2,900 a burodin da nauyinsa bayan gashi ke kai wajen giram 900. Ke nan kowane giram 100, yanka biyu madaidaita, yana ɗauke da kalori sama da 300, sinadarin gina jiki giram 7, maiƙo giram 9 zuwa 10, da sukarin da aka zuba wajen giram 9. Sauran yawanci sitaci ne. Ƙwai da madarar sun ƙara masa ɗan sinadarin gina jiki da kalsiyam, wannan gaskiya ne, amma ƙwai ɗaya da aka raba wa yanka goma sha takwas ba zai tsinana wa jiki wani abin a zo a gani ba.

Inda ya fi rauni shi ne fulawar. A Jamus kowace jakar farar fulawa tana da lamba, kuma lambar ba ta ado ba ce. Type 405, wadda ake yawan yin Hefezopf da ita, tana nufin akwai ma'adanai kimanin miligiram 405 a kowane giram 100 na fulawar. Type 1050 ta ninka wannan fiye da sau biyu. Ƙaramar lamba alama ce ta an tankaɗe dusa da idon alkamar, kuma a can ne ƙarfe da magnesiyam da bitamin B da harzar (fiber) da ke gyara hanji suke zaune. Shi ya sa mutum zai ci yanka biyu da safe, kafin hantsi yunwa ta dawo, sukarin jini kuma ya hau da sauri. Mai ciwon sukari ya kamata ya riƙe wannan da kyau. Vollkornbrot, baƙin burodinsu da ake yi da niƙaƙƙen hatsi ɗungurungum, ya fi shi riƙe ciki nesa ba kusa ba.

Abin da ya burge ni shi ne Jamusawan ba su ɓoye wannan ba. A ƙa'idojin abincinsu, duk gashin da maiƙo da sukarinsa suka wuce kashi 10 a kan kashi 90 na gari, ba ya cikin sahun burodi, yana cikin Feine Backwaren, dangin kek da kayan maƙulashe. Hefezopf ya zarce wannan iyaka sosai. Don haka kuskure ne baƙo ya gan shi a shagon gashi ya mai da shi burodin shayinsa na kullum. Ga kuma abin da ake shafa masa: cokali ɗaya na jam yana iya kawo sukarin da ya kai na yanka biyu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wajen giram 50 ga babban mutum.

Musulmin da ke zaune a can akwai abu ɗaya da zai tambaya kafin ya saya. Nau'in da ake zuba wa zabibi, Rosinenzopf, wasu kan jiƙa zabibinsa cikin barasar rum kafin su kwaɓa. Mai yin nasa a gida sai ya jiƙa cikin ruwan ɗumi ko ruwan tuffa, ya rage sukarin zuwa giram 50 tunda zabibin ya kawo nasa zaƙin, ya kuma musanya sulusin fulawar da Type 1050, ya ƙara madara cokali biyu don kada kwaɓin ya yi tauri.