Waiwaye: daga ina manyan gasannin golf ɗin faifai suka samo darajarsu?

Ga wanda bai san wasan ba, abin da sauƙi. Faifan roba ne, kamar faifan da ake rufe ƙwarya da shi amma ya fi nauyi, ka tsaya ka wurga shi, inda ya faɗi daga nan za ka sake jifa har sai ya shiga wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Kwando 18 shi ne zagaye ɗaya, wanda ya fi kowa ƙarancin jifa shi ya ci. Shi ke nan. Amma a cikin masu bin wasan akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wato wace gasa ce ta fi girma kuma me ya ba ta girman, kuɗi ne ko suna ko wahalar fili, kuma ni dai a ganina tarihin da kansa ya riga ya ba da amsa ga wanda ya bi shi a hankali.

A Kalifoniya abin ya faro. Ed Headrick, wanda ya yi aiki a kamfanin Wham-O masu yin faifan wurgawa na Frisbee, shi ya kafa fili na farko na dindindin a Oak Grove a 1975, a 1976 kuma ya kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, PDGA, wadda har yau ita ke riƙe da dokokin wasan kuma ita ke cewa wannan gasa meja ce, wato tana cikin manyan gasanni mafiya daraja, wannan ba meja ba ce. Gasar duniya ta farko an yi ta a Los Anjelis a 1982, Harold Duvall ya ɗauka. Ku riƙe sunan nan don zai dawo.

Gasar duniya ta da fa ba irin ta yanzu ba ce. Kusan mako guda ake yi ana jifa, sau da yawa zagaye biyu a rana ɗaya, yau kana wannan fili gobe kana wancan, ga rana ga gajiya, ƙwararru da dattawan wasan duk a taro ɗaya, sai an tace an sake tacewa sannan a ware 'yan ƙalilan na sama su buga kwando tara na ƙarshe gaban jama'a. A irin wannan tsari ba ka cin kofi don ka yi sa'ar kwana biyu, sai dai in ka fi kowa da gaske. A cikinsa ne Ken Climo ya ci sau tara a jere daga 1990 zuwa 1998, ya ƙara a 2000 da 2002 da 2006, sha biyu cif, abin da har yau ba wanda ya matso kusa. A ɓangaren mata Elaine King da Juliana Korver kowacce ta ci biyar, daga baya Paige Pierce ta kamo su. Paul McBeth ma kofunansa huɗu na farko, 2012 zuwa 2015, a tsohon tsarin ya same su, har da na 2014 a Portland wanda sai da suka je raba gardama shi da Ricky Wysocki.

Sai 2017, da aka kai gasar jihar Jojiya, PDGA ta raba ta da ta dattawa ta kuma datse ta zuwa zagaye huɗu kacal. Dalilin a fili yake, kyamara ta shigo, ana so a nuna wasan kai tsaye ta intanet, kuma ba mai iya ɗaukar zagaye bakwai ko takwas a filaye barkatai. Amma mutane suka ce to ai yanzu gasar duniya ba ta da bambanci da kowace gasar ƙarshen mako. Daga 2018 aka mayar da ita zagaye biyar, a nan ta tsaya. Ni ina ganin an yi asarar wani abu, gwajin juriyar nan ya tafi kuma ba zai dawo ba, sai dai ba zan musa cewa gajeren tsarin ya haifar da abin da tsohon bai cika haifarwa ba. A 2021 a Ogden ta jihar Utah, James Conrad na bayan McBeth da jifa ɗaya a kwando na ƙarshe, ya wurga daga nisan ƙafa 247 faifan ya faɗa cikin sarƙa, aka yi kunnen doki, ya je ya ci a raba gardama. Bidiyon jifan nan ya zagaya duniya, mutanen da ba su taɓa jin sunan wasan ba suka gani.

To ga Duvall ya dawo. Yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Innova mai ƙera faifan wasan, kuma su ne a 1999 suka ƙirƙiro gasar zakarun Amurka, USDGC, a harabar jami'ar Winthrop da ke Rock Hill a Karolina ta Kudu. Wannan gasa ta bi wata hanya daban. Gasar duniya kowace shekara gari take sauyawa, ita kuwa USDGC ta zauna wuri ɗaya, fili ɗaya, a kaka, kuma ba ka biyan kuɗi kawai ka shiga sai ka cancanta ta wasu gasanni. Filin da kansa ba wani daji ba ne, igiyoyi ne aka shata ko'ina, faifanka ya tsallake igiya an ƙara maka jifa ɗaya a matsayin hukunci, shi ya sa mai ƙarfin hannu da ba ya da haƙuri yake shan wuya a wurin. Kwando na 17 ɗan gajere ne amma sai faifai ya sauka cikin ɗan wurin da aka kewaye, ga ruwa a baya, kuma mutane nawa ne suka zo wurin suna kan gaba suka bar shi kofi ya suɓuce. Duk mai bin wasan ya san kwandon nan kamar ya taɓa tsayawa a kai, kuma wannan sanin shi ne rabin darajar gasar. Climo ne ya ci ta farko, ya tara biyar.

Abin da ya fi koya mini darasi a tarihin USDGC shi ne 2011. A shekarar masu gasar suka gwada wani tsari na rangwame, inda ba yawan jifanka kaɗai ake dubawa ba, ana auna ka ne da abin da ake tsammani daga mai matsayinka, ma'ana matsakaicin ɗan wasa zai iya doke gwani in ya wuce ƙa'idarsa. Niyya mai kyau ce, ana so a jawo kowa, amma manyan 'yan wasa ba su karɓa ba, kuma shekara na zagayowa aka dawo da gasar ƙwararru yadda take.

Irin haka ta sake faruwa da Champions Cup, meja ta huɗu da PDGA ta ƙirƙira aka fara a 2022 a cibiyarta da ke Appling a Jojiya. Da farko an shirya cewa bayan zagayen farko-farko na sama za su kara mutum da mutum, kwando bayan kwando, wanda ya faɗi ya fita. 'Yan wasa suka yi ca, suka ce ba zai yiwu mutum ya ba kowa tazara a zagayen farko sannan a share masa ita a ranar ƙarshe ba. Tun kafin a buga aka janye, aka koma ƙirga jifa, Chris Dickerson da Paige Pierce suka ci. Gasar na da lambar meja a takarda, amma har yanzu ba ta kai sauran nauyi a zukatan mutane ba, balle da ƙwarin da ke cin itatuwa suka lalata dajin filin Appling aka ɗauke ta zuwa Illinois a 2024, ta rasa gidan da ya kamata ta girma a ciki.

Kuɗi ma bai warware zancen ba. Disc Golf Pro Tour da Steve Dodge ya fara a 2016, wadda daga 2022 ta zama zangon ƙwararru na PDGA a hukumance, ta yi shekaru tana rufe kaka da gasar sili ɗaya ƙwale inda ake share maki kowace rana, kuma akwai shekarun da kyautarta ta fi ta gasar duniya tsoka. Ana kallonta, akwai tashin hankali mai daɗi a ciki, amma in ana lissafin gwanaye kofin duniya da USDGC ake fara ƙirgawa. McBeth ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 10 na shekara goma da kamfanin faifai na Discraft a 2021, kuma abin da ya kai shi nan har da 2015, shekarar da ya kwashe meja biyar ɗin da aka yi gaba ɗaya.

Wajen Amurka kuwa, Japan Open ta taɓa zama meja, da dokarta ta faifai marasa nauyi, amma ta dushe. Wadda ta kafu ita ce European Open da aka fara a Finland a 2006, kuma sirrinta irin na Winthrop ne, filin da ake kira The Beast a garin Nokia da dubban 'yan kallo da ke cika shi. Wannan jama'a ce ta sa a 2025 aka fitar da gasar duniya daga Arewacin Amurka karo na farko aka kai ta Nokia da Tampere, Gannon Buhr da Ohn Scoggins suka ci.

Inda raina bai kwanta ba shi ne ɓangaren mata. Kristin Tattar 'yar Estoniya ta ɗauki meja huɗun mata duka a 2023, abin da ya kamata a riƙa ambata tare da 2015 ɗin McBeth a numfashi ɗaya. Amma gasar zakarun matan Amurka yawo take yi gari zuwa gari, ba ta da kwando na 17 nata da yarinya mai tasowa za ta riƙa mafarkinsa, ita kuma gasar Throw Pink da mata ke bugawa a Winthrop mako ɗaya da USDGC an fara ta a 2021 ba tare da lambar meja ba. PDGA ce ke da ikon gyara wannan, ko ta zaunar da gasar matan a fili ɗaya ta bar ta ta yi shekaru a wurin, ko ta ɗaga ta Winthrop ɗin.