Tseren Keke na Ratsa Amurka a Tawaga: Ku Karanta Kafin Ku Sake Tambayata

Tun da na yi wa wata tawaga ta mutum huɗu rakiya a wannan tsere, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo min, yau wannan gobe wancan. Ga su na tara wuri guda. Duk wanda ya sake yi min ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Wane tsere ne wannan?

Sunansa Race Across America, ana taƙaita shi da RAAM. A watan Yuni ake yinsa, daga garin Oceanside na jihar Kalifoniya zuwa gaɓar gabashin Amurka, wasu shekarun a ƙare a Annapolis, wasu a Atlantic City. Kusan kilomita 4,800 ne, wato Kano zuwa Legas wajen sau biyar. Mutum huɗu suka fara shi a 1982, Lon Haldeman ya zo na ɗaya.

Kamar Tour de France yake?

A'a. A wancan tseren keke na Faransa kullum ana yada zango a kwana a otal. Nan agogo ba ya tsayawa, dare da rana. Tawaga kwana 9 ake ba ta, mai yi shi kaɗai kwana 12.

Duk tare za mu riƙa tuƙawa?

Karɓa-karɓa ake yi. Tawaga mutum 2 ce, ko 4, ko 8, kuma galibi ɗaya ne a kan titi, sauran suna cikin mota.

Sai na zama zakara kafin in shiga?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Mai yi shi kaɗai ne sai ya cika sharaɗin cancanta a wani tseren kafin a karɓe shi, tawaga ba a nemanta da wannan. Kada ka auna kanka da Christoph Strasser na Ostiriya, wanda ya ci sau shida, ya kuma gama a kwana 7 da awa 15 da minti 56 a 2014. Ba da shi kake takara ba. Na ga masu furfura a tawaga sun kai ƙarshe lafiya lau. Idan kana iya taka feda da ƙarfi na minti 20, ka huta, ka sake, ka sake, kwana da kwanaki, to kana da abin da ake nema.

'Yan rakiya ai ko abokai biyu sun isa ko?

Wannan tambayar ita ta fi ɓata min rai. Wa zai tuƙa motar da ke bin mai keke? Wa zai karanta littafin hanya, ya dafa abinci, ya wanke kaya, ya canja taya ƙarfe uku na dare? Dokar tseren ta ce da dare dole mota ta bi mai keke a baya, yana cikin hasken fitilarta, in motar ta tsaya shi ma ya tsaya. Direban da bai yi barci ba yana bayan ɗan'uwansa da ƙarfe mai nauyin tan biyu, kuma gyangyaɗi ba ya sallama. Ku tara mutane isassu, kowace mota da masu karɓar juna. Wanda bai iya jure faɗa da ƙazanta da rashin wanka ba, ku bar shi a gida ko da amininku ne.

Yaya za mu raba tuƙi da barci?

To, nan ne aikin yake, kuma duk wanda ya ba ka amsa guda ɗaya tak ya cuce ka.

Abin da tawagogin mutum huɗu suka fi yi shi ne su rabu biyu-biyu. Biyu suna aiki, biyu suna kwance. Biyun da ke aiki suna karɓar juna duk bayan minti 15 zuwa 30, domin gajeren tuƙi ya fi sauri, ƙafa ba ta kai ga mutuwa ba an karɓe ka. Sai dai kowace karɓa tana da nata sharaɗi. Dole tayar mai shigowa ta cim ma tayar mai jira kafin ya tashi, kuma da dare a tsaye ake yi, cikin hasken mota. Na sha tsayawa a gefen titi a Kansas riƙe da sirdin keke, mahayin ƙafarsa ɗaya a feda, haƙoransa suna kaɗawa, muna hango 'yar fitilar ɗan'uwansa tana tahowa daga nesa. In karɓar ta yi yawa, daƙiƙun da ake zubarwa a irin wannan tsayuwa su ne za su taru su zama awanni.

Tsawon aikin kowane biyu kuma, wasu awa 4 suke yi, wasu 6, wasu 8, har da masu 12. Mai awa 4 ba ya galabaita a kan keke, amma ka lissafa hutunsa: ya ci abinci, ya goge jiki, ya canja wando, a tuƙa shi zuwa mahaɗa ta gaba. Barcin da ya rage da ƙyar ya kai awa biyu, shi ma a motar da ke girgiza. Mai awa 8 yana samun barcin kirki, amma awanninsa biyu na ƙarshe jan ƙafa ne kawai. Ni na fi karkata ga 6 zuwa 8, in har masu keken sun gwada shi a gida na tsawon kwana biyu cur, da motarsu da direbobinsu. In ba su gwada ba, ba zan rantse ba. Akwai mai kwanciya ya yi barci nan take, akwai wanda idonsa ba ya rufuwa sai bayan awa guda, kuma tsarin da ya dace da na farko zai kayar da na biyu a kwana na uku.

Ƙasar ma tana da tata magana. A kan duwatsun Kolorado a gajarta tuƙi, a shimfiɗar Kansas a tsawaita. Kuma duk jadawalin da kuka rubuta, ku ɗauka zai rushe. Wani zai yi gudawa, mota za ta ɓata hanya, uku su koma yin aikin huɗu. Tun daga gida ku yanke wanda zai faɗi a ji, mutum ɗaya, shugaban 'yan rakiya. Kada a bar wa mai keke wannan hukunci, domin wanda ya kwana huɗu bai yi barcin kirki ba rantsuwa zai yi maka ƙalau yake.

Mu da muka saba da zafi ai ba matsala?

Kada ka ruɗi kanka. Zama a inuwa a watan Afrilu daban, taka feda a hamadar Kalifoniya da Arizona cikin zafin da ya haura digiri 40 daban. Ƙanƙara muke cusawa a safa mu ɗaura wa mahayi a wuya, muna ba shi ruwa mai gishiri da sukari tun bai ji ƙishi ba. Bayan nan kuma ga Wolf Creek Pass, wata mashiga a kan duwatsun Kolorado, tsayinta sama da mita 3,300, inda sanyin dare zai sa yatsunka su kasa kama birki. Ka taho da kayan sanyi.

Wane keke zan saya?

Wanda ka saba da sirdinsa. Sabon sirdi ko sabon takalmi ranar tsere, ƙuraje da salewar fata kake nema.

Salla fa?

Ba ta gagara. A tawaga kullum kana da hutu, kuma matafiyi ne kai. Batun ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka kafin ka tashi, sannan ka sanar da shugaban 'yan rakiya ya sa a jadawali.

Nawa ake kashewa?

Da yawa. Kuɗin shiga ƙaramin kaso ne. Hayar motoci, mai, abinci, jirgi, biza da masaukin mutum goma ko fiye, su ne masu cin kuɗin. Ku fara neman masu ɗaukar nauyi shekara guda kafin lokaci. In aljihu bai kai ba, akwai Race Across the West, ƙaramin tsere a kan hanyar RAAM ɗin, daga Oceanside zuwa Durango a Kolorado, kusan kilomita 1,500. Ku fara da shi.