Yaron da ake ce wa daƙiƙi, a fara duba idonsa da kunnensa

A zagayen da muke yi na duba lafiyar 'yan lakwal a nan Damagaram, na shiga wani ajin CE1, wato aji uku na firamare. Mushe, wato malamin ajin, ya nuna mini wata yarinya can ƙurya, ya ce wannan kam sai addu'a, ko layi ɗaya ba ta iya rubutawa idan ana shifta. Na tsaya bayanta na kira sunanta, shiru. Na zagayo gabanta na sake kira, nan take ta ɗago. Da na leƙa kunnenta, mugunya ce ta bushe har ta ɓata hijabi. Yarinya ba ta ji sosai, kuma an zaunar da ita inda ko mai lafiyar kunne sai ya sha wahala.

Abin ya tsaya mini a rai, don irinta suna da yawa. Sanƙarau da ƙyanda kan bar yaro da raunin ji, haka ma ciwon kunnen da aka yi wa sakaci. Zabiya kuwa yawanci idonsa ba ya hango nesa, hasken rana ma yana damunsa.

Malamai, don Allah ku dawo da irin waɗannan yara bancin gaba. Kada ku yi bayani kuna fuskantar allo, domin mai raunin ji bakinku yake kallo. Allon da ƙurar hunturu ta kwashe wa baƙi har ya koma toka-toka, a sake masa fenti, a yi rubutu manya-manya, ana rubutawa ana faɗa da baki. Wanda ba ya gani sam, a ba shi abin da zai taɓa: tsakuwa ko 'ya'yan tsamiya don lissafi, harafin da aka yanka da kwali. Rubutun makafi na Braille ma ɗigo 6 ne ake jujjuyawa, yaro na koyonsa da yatsa.

Sai maganar ƙofa. Na sha ganin ɗan da shan inna ya taɓa yana barin kekensa a waje ya shiga aji da rarrafe. Iyayen da ke kwamitin lakwal, wannan aikinku ne. Gangaren siminti ake yi, amma ba mai tsini ba: tudun santimita 10 yana son tsawon aƙalla santimita 120. Masai ma a sa masa ƙarfen riƙewa, don wasu yaran kan ƙi shan ruwa duk yini saboda tsoron shigarsa, a zafin nan namu.

Tun 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda ta ce su yi karatu tare da sauran yara.

Iyaye, in ɗanku na manna littafi a fuska, ko sai an kira shi sau uku kafin ya waiwayo, ku kawo mana shi asibitin unguwa. Kunnen da ke zubar da ruwa kuma kada a ɗiga masa mai ko wani haɗi na gida kafin mu gani.