Shirin Ƙasa na Karɓar Ƙirƙirarriyar Basira Bisa Ɗa'a

Shirin ƙasa na karɓar ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ma'auni ne na yadda wata ƙasa ta kimtsa wajen amfani da na'urori masu koyo daga bayanai ba tare da an zalunci jama'a ko an keta sirrinsu ba. Abin da ake dubawa ya wuce yawan kwamfutoci. Ana duba dokoki da hukumomin da za su aiwatar da su, da lantarki da intanet, da ilimin mutane, da kuma wanda za a tuhuma idan na'ura ta yanke hukuncin da ya cutar da wani.

Asali

A watan Nuwamba 2021 ƙasashe 193 na hukumar UNESCO, ciki har da Najeriya, suka amince da shawarwari kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira. Daga nan aka fitar da tsarin auna shirin kowace ƙasa ta fuskoki biyar: doka, zamantakewa da al'ada, tattalin arziki, ilimi da bincike, sai kayan aiki. Shawarwarin ba su da ƙarfin doka, kowace ƙasa ita ke zaɓar abin da za ta ɗauka. Najeriya ta kuma sa hannu a sanarwar Bletchley kan haɗuran ƙirƙirarriyar basira a Ingila a Nuwamba 2023, kuma Tarayyar Afirka ta amince da nata tsarin a Akra a Yuli 2024.

Matakan da Najeriya ta ɗauka

A 2020, zamanin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira ta ƙasa (NCAIR) a Abuja ƙarƙashin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa (NITDA). A Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC). Sashe na 37 na dokar ya ba mutum ikon ƙin yarda da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa idan hukuncin zai shafi rayuwarsa sosai, kamar hana shi bashi ko aiki, sai dai a wasu halaye da dokar ta keɓe. A Agusta 2024 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta fitar da daftarin tsarin ƙasa kan wannan fasaha. A 2025 kuma aka ƙaddamar da N-ATLAS, na'urar harshe da aka horar da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin 'yan Najeriya.

A takarda, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Gwamnati ta ma nuna tana iya cizo: a Yuli 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye (FCCPC) ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Sai dai haƙƙin da mai shi bai san da shi ba ba ya tsare shi. Wanda manhajar ba da rance ta kwashe lambobin wayarsa, ta bi surukai da abokan kasuwa da saƙon cewa ɓarawo ne, da wuya ya san akwai ofishin da zai kai ƙara, balle ya iya cika takardar koke da Turanci.

Yadda lamarin yake a Zariya

Zariya gari ne da ya dace a auna wannan shiri a cikinsa, domin ilimin na nan, giɓin ma na nan. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana koyar da kimiyyar kwamfuta da injiniyanci a Samaru, tana koyar da shari'a a Kongo, ga asibitin koyarwa a Shika. Kusan duk fannonin da batun ke buƙata suna cikin gari ɗaya, kodayake ba kullum mai rubuta manhaja da malamin shari'a ke zama teburi ɗaya ba.

Matsala ta farko lantarki ce. Wutar da ake rarrabawa a ƙasa baki ɗaya ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Horar da babbar na'ura kuwa na buƙatar kwamfutoci masu aiki dare da rana. Shi ya sa ɗalibi a Samaru kan yi hayar kwamfutar kamfanin waje ta intanet, ya biya da dala, ko ya yi ta maneji da ɗan abin da ake bayarwa kyauta, yana aiki yana duban cajin da ya rage.

Ta biyu, wadda ta fi nauyi, ita ce harshe. Na'ura da abin da aka ciyar da ita take koyo, rubutun Hausa a intanet kuma kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu magana da ita. Da yawa daga cikinsa ma an rubuta shi ba tare da haruffa masu ƙugiya ba, gauraye da Turanci. Abin mamaki shi ne a Zariya aka aza harsashin rubutun boko na zamani: a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya na ɗab'i, ga rubuce-rubucen ajami a gidajen malamai cikin birni. Mafi yawan wannan dukiya tana kan takarda, ba ta shiga kwamfuta ba. Shigar da ita kuma na tafe da tambayar ɗa'a: wa ke da ikon ba da izini, kamfanin da ya buga ko magadan marubuci, kuma me za su samu idan wani kamfani ya yi kuɗi da ita? Ƙungiyoyin masu bincike irin su HausaNLP da Masakhane suna tattara bayanai da hannu, amma aikin ya fi ƙarfin 'yan sa-kai.

Noma ya fi fito da haɗarin fili. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da cibiyar malaman gona ta NAERLS duk suna Samaru. Manomi daga Giwa ko Soba zai iya ɗaukar hoton ganyen masara da tsutsa ta ci, manhaja ta faɗa masa maganin feshi. Idan an horar da manhajar da hotunan gonakin wata nahiya, tana iya kuskure, ta kuma faɗi kuskuren da cikakken tabbaci. Asarar damina guda ce, kuma tsarin da ake da shi bai fayyace ƙarara wanda zai biya ba. Yawancin manoma ma saƙon murya suke turawa, don haka na'urar da ba ta gane lafazin Zazzaganci ba ta yi musu amfani.

Muhawara

Wasu masana na ganin a fara kafa doka ta musamman mai tsauri, kamar yadda Tarayyar Turai ta yi a 2024. Wasu na cewa hakan zai shaƙe ƙananan kamfanonin gida tun ba su miƙe ba, alhali manyan kamfanonin waje na da lauyoyin da za su bi kowace ƙa'ida. A Arewa an fi damuwa da muryoyi da bidiyon bogi da ake jinginawa ga malamai da sarakuna, musamman lokacin zaɓe, domin masu tantance irin waɗannan saƙonni da Hausa ba su da yawa, saƙon WhatsApp kuwa kan zagaye unguwa kafin a ƙaryata shi.