Waiwaye: Yadda aka daɗe ana tallata binciken sararin samaniya

Tun ranar 4 ga Oktoba 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik, hankalin Amurkawa ya tashi. Shekara na zagayowa aka kafa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kuma dokar da ta kafa ta ta wajabta mata yaɗa labarin ayyukanta ga jama'a. Ita ma ba ta yi sanya ba. A 1959 mujallar Life ta sayi damar buga labarin rayuwar 'yan sama jannati bakwai na farko, har da matansu da 'ya'yansu, suka zama 'yan gida a kowane falo. Mu ma abin ya taɓo mu, domin akwai tashar NASA a Kano da ke bibiyar kumbon Mercury, shirin Amurka na farko na tura mutum sama, lokacin da John Glenn ya kewaya duniya a 1962.

Ƙololuwar abin ita ce 20 ga Yuli 1969, ranar da mutane wajen miliyan 600 suka kalli Neil Armstrong yana taka duniyar wata. Amma ko a lokacin ba kowa ke murna ba. Ana gobe za a harba Apollo 11, kumbon da ya kai su Armstrong wata, Ralph Abernathy, ɗan fafutukar kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, ya jagoranci talakawa da alfadarai zuwa wurin harbin, suna tambayar yadda ake zuba kuɗi a wata alhali ana kwana da yunwa a gida. Tambaya ce mai nauyi, kuma ni dai ban ga an taɓa ba ta cikakkiyar amsa ba.

Ɗokin bai daɗe ba. A Afrilu 1970 manyan gidajen talabijin suka ƙi haska shirin kai tsaye daga kumbon Apollo 13 da ke kan hanyar zuwa wata, sai da tankin iskar shaƙa ya fashe, rayuka uku suka shiga haɗari, sannan kowa ya dawo kallo. Bayan Apollo 17 a 1972 ba a sake taka wata ba.

An yi ta neman dabarar dawo da jama'a. Aka zaɓi malamar makaranta, Christa McAuliffe, don ta koyar da yara daga sama. Ta rasu da abokan tafiyarta shida a fashewar kumbon Challenger ranar 28 ga Janairu 1986, ɗalibai na kallo.

Intanet ce ta sake hura wutar. Hotunan da kumbon Pathfinder ya turo daga duniyar Mars a 1997, motar da kamfanin SpaceX ya cilla sama a 2018, saukar kumbon Indiya Chandrayaan-3 a duniyar wata a 2023 da miliyoyi suka kalla a YouTube. Kallo kam an samu. Kuɗin ne bai biyo baya ba: a 1966, lokacin da gasa da Sobiyet ke da zafi, NASA na karɓar sama da kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin tarayya, yanzu ko rabin kashi 1 ba ta samu.