Waiwaye: yadda lambar da ke kan kwanso ta zo ta fi zinarin da ke ciki tsada

Tun da farashin zinari ya haura dala 3,000 kan kowace oza a watan Maris na 2025, wata tsohuwar muhawara ta sake tasowa tsakanin masu tara tsofaffin kwandalolin zinari, musamman a Amurka. Wasu na cewa maki, wato lambar da ƙwararru ke ba kwandala gwargwadon lafiyar jikinta su rubuta a kan kwanson robar da suka rufe ta ciki, ya yi arha: kwandalar da aka ba 64 shekaru talatin da suka wuce, yau a sake kai ta a duba sai ta fito da 65, alhali ba abin da ya ƙaru a jikinta. Wasu kuma kukansu daban ne. Sun sayi kwandala mai babban maki da tsada, zinari ya tashi, amma ƙarin da suka biya saboda makin ya narke. Ana maganar kamar jiya abin ya faro, alhali tushensa ya kusa shekara arba'in.

Kowace tsohuwar kwandalar zinari farashi biyu gare ta. Na farko na sikeli ne. Kwandalar dala 20 ta Amurka, wadda suke kira Double Eagle, nauyinta giram 33.4 ne, kashi 90 cikin ɗari zinari, sauran yawanci tagulla, wato akwai oza 0.9675 na tsantsar zinari a cikinta. In oza tana dala 3,000, kuɗin nauyinta kusan dala 2,900 ke nan, ko da ta lanƙwashe. Duk abin da aka biya sama da wannan, kuɗin ƙarancinta ne da lafiyar jikinta. A kan wannan farashi na biyu ake rigimar.

Farkon labarin sananne ne. A 1949 wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ya fitar da ma'aunin maki daga 1 zuwa 70, kuma ba don zinari ya yi shi ba, don tsofaffin kwabban tagulla na Amurka ne. A wurinsa lambar lissafin farashi ce: kwabo mai maki 4 ya ninka mai maki 1 sau huɗu, mai 70 ya ninka shi sau saba'in. Lissafin bai daɗe ba kasuwa ta rushe shi, lambobin dai suka tsira. A 1977 ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗi ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin da suka shimfiɗa ma'aunin a kan sauran kwandaloli, kuma a lokacin matakai uku kacal ake da su ga kwandalar da ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba: 60, 65 da 70. Zinari ya kai dala 850 a Janairun 1980, kasuwa ta haukace, sannan ta faɗi. Mutane da yawa suka tarar abin da aka sayar musu a matsayin 65, in suka zo sayarwa ƙasa da haka ake kiransa. Don magance wannan aka kafa kamfanonin duba kwandala guda biyu, PCGS a 1986 da NGC a 1987: ƙwararru su duba kwandala, su tabbatar ba jabu ba ce, su ba ta maki, a rufe ta cikin kwanson roba mai haske da lambar shaida. Jabu ya ragu ƙwarai, gardamar mai saye da mai sayarwa ta ragu. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne irin cinikin da ya biyo bayan kwanson. Daga 1986 dillalai suka fara saka tayi ta na'ura a kan kwandalar da ba su gani ba. Mutum zai rubuta cewa zai sayi kwandalar dala 20 ta shekara kaza mai maki MS-65 (MS na nufin ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba) a kan farashi kaza, kuma duk wadda aka aiko masa, muddin lambar ta dace, dole ya karɓa. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai an ba birin lamba. A daidai wannan lokaci matakan kwandalar da ba ta yi yawo ba suka zama goma sha ɗaya, daga 60 har 70, kowane da nasa farashin.

A duba abin da wannan ke haifarwa. Maki ba ɗigo ba ne, fili ne. A cikin 65 akwai wadda da ƙyar ta tsallako daga 64, akwai wadda saura ƙiris ta zama 66. Wanda zai saya bai gani ba ya san mafi muni za a turo masa, domin mai kyakkyawar zai nemi wanda zai gani da ido ya ƙara masa kuɗi. Don haka tayinsa na mafi munin ne. Nan da nan kasuwa ta rabu biyu, har takardun farashin dillalai suka zama biyu: mai ruwan toka ta kayan da aka gani, mai launin shuɗi ta waɗanda ba a gani ba. Lamba ɗaya, farashi biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa lambar ba ta faɗi komai da komai ba.

Sai batun fasa kwanso. Tazarar farashi tsakanin maki biyu maƙwabta ba hawa a hankali take yi ba, tsalle take yi. A ɗauki misali don lissafi kawai: a ce wata kwandala a 64 tana dala 3,000, a 65 kuma dala 9,000, kuɗin dubawa da aikawa dala 100. Mai ido ya samu 64 mai kyau, ya fasa kwanson, ya aika da ita tsirara kamar ba a taɓa duba ta ba. Ko da sau ɗaya cikin goma take dacewa, ya kashe 1,000 ya samu 6,000. Masu dubawa mutane ne, kuma kwandalar da ke kan iyaka za ta iya faɗawa nan yau, gobe can, ba tare da kowa ya yi ha'inci ba. Matsalar ita ce ƙofar hanya ɗaya take buɗewa. In ta fito da ƙaramin maki, a sake fasawa. In ta fito da babba, an daina taɓa ta har abada. A yi haka shekara talatin a kan dubban kwandaloli, sakamakon a fili yake: masu kyau na kowane mataki sun haura sama sun zama na ƙarshe a can, waɗanda suka rage a ƙasa su ne marasa ƙarfi. Ko ba a sassauta ƙa'ida ko kaɗan ba, matsakaicin ingancin kowane maki sai ya sauka. A ganina yawancin abin da ake kira arahar maki daga nan ya fito.

Fasa kwanso ya kuma gurɓata ƙidaya. Kamfanonin dubawa suna wallafa adadin kwandalolin da suka ba kowane maki, kuma da wannan jadawali ake yanke farashi. Amma wanda ya fasa kwanso bai cika mayar da tsohuwar takardar shaida a soke ta ba. Kwandala guda da aka aika sau biyar za ta iya bayyana a jadawali a matsayin biyar. A ƙananan matakai adadin ya kumbura, a can ƙololuwa kuma inda aka rubuta guda biyu ko uku, farashi ya tashi sama.

A 1989 kuɗin masu zuba jari ya kwararo, da tunanin cewa kwandala ta zama kamar hannun jari tunda ana iya cinikinta ta waya. Farashi ya kai ƙololuwa a tsakiyar shekarar, kafin ƙarshen 1990 ya rushe. Kwandalolin da suka fi shan kashi su ne masu babban maki amma na shekarun da suke da yawa.

Nan ne ya kamata a bambance ƙaranci iri biyu. Kwandalar dala 20 ta 1924 an buga fiye da miliyan huɗu, kuma da yawa sun kwana a rumbunan bankunan Turai suka dawo gida daga baya. Ba ta da wuyar samu. Mai tsabtar jiki sosai ce ke da wuya, kuma wannan ƙaranci ne da kan iya gushewa dare ɗaya. A shekarun 1990 an fito da wata ajiya ta kwandalolin 1908 guda 19,900, da yawansu masu maki 66 zuwa sama. Jirgin ruwan SS Central America da ya nutse a 1857, aka gano shi a 1988, ya fito da fiye da 5,000 na bugun San Faransisko na waccan shekara, da sheƙinsu kamar yau aka buga. Ita kuwa ta 1933, an buga 445,500 amma aka narkar da kusan duka, kuma guda ɗaya tak doka ta yarda wani ya mallaka, wadda ake dangantawa da taskar Sarki Faruk na Masar. An yi gwanjonta a kan dala miliyan 7.59 a 2002, sannan miliyan 18.9 a 2021. Irin wannan, maki ɗaya sama ko ƙasa ba shi ke yanke mata kuɗi ba.

Me masu dubawar ke kallo har maki ɗaya ya raba? Abu huɗu: tabon jiki, sheƙi, ƙarfin bugu, da yadda take cika ido. Zinari ƙarfe ne mai laushi, kwandalar kuma tana da nauyi, ga shi a buhu ake zuba su suna gugar juna tun daga gidan bugu. Shi ya sa wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba ma za a same ta da ƙuje. Inda tabon ya faɗa ya fi yawansa muhimmanci: kwarzane guda a kumatun hoton ko a filin da ke gaban fuska ya fi guda biyar da suka ɓuya cikin gashi ko fukafukin mikiya illa. Ana riƙe ta ta gefe, a juya ta a hankali ƙarƙashin fitila guda, a ga ko sheƙin yana zagayawa ba yankewa. In ya dushe a wurare masu tudu, kamar gwiwa da ƙirjin hoton da ke kan bugun 1907 zuwa 1933, to ta sha hannu, ta sauko 58. Abin mamaki, 58 mai tsabta sau da yawa ta fi 61 mai tabo kyan gani, amma lamba ta ce ita ce ƙasa.

Tazarar farashin ta jawo masu gyaran fuska. Akwai masu cike tabo da wani abu mai kama da danƙo, wanda ba ya nunawa sai bayan watanni ya zama hazo-hazo a cikin kwanso. Kasuwa ta yi ta neman magani: a 2007 aka fara manna koren tambari a kan kwanson da wani mai dubawa na biyu ya yarda kwandalar ta cika makinta, a 2010 aka ƙara alamar tarawa (+) a gefen maki ga wadda ke saman matakinta. Duka biyun ƙoƙari ne na mayar da abin da cinikin gaibu ya cire, wato idon mai saye.

Ga wanda ya saba sayen gwal da giram, akwai wurin da al'adun biyu ke karo. Fam ɗin zinari na Ingila, mai giram 7.98 da karat 22, ana yawan maƙala masa kunne a rataya a sarƙa, ko a kai wa maƙeri ya wanke ya goge. A sikeli bai rasa komai ba. A wurin masu dubawa kuwa, gogewa na barin siraran zane da ke bayyana da zarar an karkata shi a haske, wurin da aka yi walda kuma ba ya ɓoyuwa ko an kankare. Irin wannan ba a ba shi lamba sam. A rubuta cewa na gaske ne, a ambaci aibinsa. In na shekarar da ke da yawa ne, asarar kaɗan ce, tunda da ma kuɗinsa bai wuce na nauyi da yawa ba. In kuwa na shekarar da ke da wuya ne, minti biyu na goga da tsumma zai iya cinye mafi yawan ƙarin da zai samu a gwanjo.